Farar ƙasa da yuriya ba sa haɗa buhu

Wai ko za ka iya cakuɗa farar ƙasa da yuriya ka watsa lokaci guda don ka rage kuɗin ƙwadago? Zauna, yaro. Ka sosa mini inda har yau bai warke ba.

Akwai wani Alhaji mai gona wajen Saminaka, ba zan kama sunansa ba. Shekara da shekaru masara yake yi a wuri guda, yana zuba yuriya ba ji ba gani, amfani kuwa sai baya yake yi. Halin yuriya ke nan, ta ciyar da shuka bana, ta bar wa ƙasa tsami. Ni da kaina na ɗebi ƙasar na kai cibiyar binciken noma ta Samaru, aka auna, pH ɗinta, wato ma'aunin tsamin ƙasa, bai kai 5.5 ba. In tsami ya kai nan, alminiyam ɗin ƙasa narkewa yake ya toye saiwa, fosfaras kuma ƙasa ta riƙe shi ta hana shuka. Na tumɓuke kara na nuna masa saiwar, gajeru, masu kauri, duk sun dunƙule.

Muka daidaita a kan garin dutsen farar ƙasa don ya kashe tsamin, niƙaƙƙe luƙui, a watsa, a juya da garma wata biyu zuwa uku kafin shuka. Ya ba ni rabin kuɗina, sauran sai kaka.

Ina juya baya ya sauya shawara. Ya bari sai da masara ta kai gwiwa, ya sayo ƙonanniyar farar ƙasa ta shafen gini, ya sa yara suka cakuɗa ta da yuriya a kan tamfal, suka bi gindi suna zubawa. Ran da na leƙa, an yi yayyafi da dare, tun daga bakin gona zarni ya buge ni har ido na ruwa. Wannan zarnin shi ne takin nasa yake bin iska. Ganye ya ƙone, tafin hannun yaran ya saɓule. Da kaka ta yi sai ga shi a majalisa yana cewa ni na kashe masa gona. Ya hana ni haƙƙina, manoman da suka fara yi mini magana suka janye. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Ku yaran yanzu, in kun ji kalsiyam a waya, komai fari ɗaya ne a wurinku. Jifsam, wani farin gari, yana da kalsiyam kamar farar ƙasa, amma ba ya kashe tsami. Aikinsa daban, a gyaɗa, don kada ka tono kwanso ba ƙwaya, kuma takin sufa ma na ɗauke da shi. Ita kuwa farar ƙasa, jigawa ba ta cin abin da laka ke ci. Ka yi mata yawa, zinki ya gagari masara, ganye ya yi zane fari. Toka na rage tsami, amma wa ke da tokar hekta guda?

Yadda ake ɗibar ƙasar awo da yadda ake watsi kuwa, in har sai na koya maka, to me kake kallo duk zamanka a wurina? Gobe bayan asuba ka same ni a gonar bayan rafi da fartanya da leda, kuma ka bar wayar nan a gida.