Ku Tambaya: Wa ke magana da yawun ɗan sanda idan aiki ya fi ƙarfinsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da kayan masarufi a kasuwar garinmu. Watan jiya ɓarayi suka fasa mini shago cikin dare. Da sassafe na garzaya caji ofis, na tarar da 'yan sanda biyu rak: ɗaya a kanta yana rubutu, ɗaya yana gadin waɗanda aka tsare. Suka ce ba mai raka ni sai 'yan sintiri sun dawo. Ba a zo ba sai bayan azahar, lokacin jama'a sun tattake sawun ɓarayin kaf. Ɗana da ke karatu a Ingila ya ce can 'yan sanda suna da ƙungiya mai matsa wa gwamnati ta ƙara ma'aikata. Da gaske ne? To namu me ya hana su?
Daga wani mai shago a jihar Katsina

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar maka da alheri.

Yaron bai yi maka ƙarya ba. Sunan ƙungiyar Police Federation, kuma ta ƙunshi 'yan sandan Ingila da Wales tun daga kurtu har mai muƙamin cif sufeto. Asalinta ma daga rigima ne. A 1918 'yan sandan Landan suka shiga yajin aiki kan albashi, a 1919 aka sake, har birnin Liverpool ya hargitse da wawashe shaguna. Sai majalisa ta yi doka a shekarar: ta haramta musu yajin aiki da shiga ƙungiyar ƙwadago, amma ta kafa musu wannan don su riƙa kai kuka. An ƙwace sanda, an bar musu baki ke nan.

Kuma bakin ya yi rana. Daga 2010 gwamnati ta tsuke bakin aljihu, yawan 'yan sanda ya ragu da kusan 20,000. Shekara da shekaru ƙungiyar tana ta nanata cewa ana kira ba mai zuwa, ma'aikata sun galabaita. A taronsu na 2015 Theresa May, tana sakatariyar harkokin cikin gida, ta tsaya gabansu ta ce su daina tsorata jama'a. Ba su fasa ba. A 2019 Firayim Minista Boris Johnson ya yi alkawarin ɗaukar sababbi 20,000, aka cika adadin a 2023. Ba na cewa ƙungiyar ce kaɗai ta jawo haka, siyasa ma ta taka rawa. Amma duk tsawon shekarun akwai mai riƙe da lissafi, yana faɗi da babbar murya, ba ya tsoron gobe a tura shi wani ƙungurmin ƙauye.

Wannan na ƙarshen shi ne babu a wurinmu. Dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta Najeriya ta cire 'yan sanda da sojoji da wasu masu kaki daga cikin waɗanda za su iya haɗa ƙungiya. An taɓa gwadawa. Ranar 1 ga Fabrairun 2002, zamanin Obasanjo, ƙananan 'yan sanda suka ajiye aiki kan alawus da ƙarin girma da aka riƙe musu. Gwamnati ta kira abin tawaye, ta fito da sojoji, wata guda bayan nan aka sauke Sufeto Janar Musiliu Smith. Tun daga ranar, kukan kurtu sai dai ka ji shi a bakin matarsa ko a bakin 'yan fansho. A Afirka ta Kudu kuwa suna da ƙungiyar POPCRU tun 1989, don kada ka ɗauka abin na Turawa ne kawai.

Ni a bayan bariki na tashi. Akwai wani saje maƙwabcinmu, in ya kwana biyu a bakin aiki ya dawo, a zaure yake zubewa da takalmansa a ƙafa, bel ɗin ma bai kwance ba. Matarsa ta kan turo yaro ya kore mu da ƙwallonmu, wai baba na barci. Kafin la'asar an aiko kiransa. Ban taɓa jin ya kai ƙara ko'ina ba, don wanda zai kai wa shi ne ya rubuta jadawalin. Shi ya sa da na karanta wasiƙarka ban ga laifin mutum biyun nan ba. Da na kanta ya bi ka, da na gadi ya zauna shi kaɗai da ɗakin tsare mutane.

Sai dai Alhaji, ko da an ba su ƙungiya gobe, ban so su fara da "a ƙaro mutane". Ana ƙiyasta 'yan sandan ƙasar nan wajen 370,000 ga jama'a fiye da miliyan 200, wato kusan ɗaya ga mutum 600. Ya yi kaɗan, amma ba shi ya bar ofishinku da mutum biyu ba. A 2018 Mike Okiro, shugaban Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda a lokacin, ya ce fiye da 150,000 suna gadin manya da ma waɗanda ba su cancanta ba. Ka gan su ai: a bayan Hilux, a ƙofar gidan biki, wani har da riƙe wa Hajiya jaka. Sufetoci Janar da dama sun ce a janye su, a Nuwamban 2025 Shugaba Tinubu ma ya ba da umarnin. Ɗaukar sababbin kuma ta sha tsaiko, don hukumar da ofishin Sufeto Janar sun yi shekaru a kotu kan wa ke da ikon ɗaukar kurata, sai a 2023 Kotun Ƙoli ta ba hukumar gaskiya.

To tunda su an ɗaure musu baki, ku da ba ku sa kaki ba naku a sake yake. Kada ka je kai kaɗai. Ku tashi da ƙungiyar 'yan kasuwa, ku nemi kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, wanda ake kira PCRC, kusan kowane yanki akwai shi. Ku rubuta shago nawa aka fasa cikin wata shida, da ranaku, da awa nawa aka yi kafin a zo. Ku kai wa DPO cikin mutunci, don shi ma ƙila neman abin da zai nuna wa na sama yake. Kwafi ɗaya ga Kwamishina, ɗaya ga ɗan majalisarku na tarayya, tunda rundunar ta gwamnatin tarayya ce, shugaban ƙaramar hukuma ba ya iya ƙara ko kurtu ɗaya. In kun samu ganin ɗan majalisar, ku ƙirga 'yan sandan da ke ƙofar gidansa kafin ku shiga, ku sa adadin a ƙasan takardar.