Shin dole ne fim ɗin jarumai ya bi littafinsa sau da ƙafa?

Malam, ka tambaya ko wajibi ne fina-finan jarumai irin na Marvel da DC su bi littattafan zanen da aka ciro su daga ciki sau da ƙafa, kuma ka ce abin da ya tunzura ka shi ne sauya dalilin Thanos, mugun nan na fina-finan Avengers, na hallaka rabin halitta. Zan ɗan tsawaita, domin na haura shekara ashirin ina karanta waɗannan littattafai, tun lokacin da nake tsintar tsofaffinsu a wurin masu baza littattafan gwanjo a bakin titi, wasu ba bango, wasu an yage musu shafin ƙarshe. Na kuma daɗe cikin sahun masu tashi daga kallo suna huci wai an ɓata musu labari, kafin ra'ayina ya sauya.

Abin da ya fara sanyaya mini gwiwa shi ne ranar da na tambayi kaina wane littafin ma nake so a bi. Superman ɗin da Jerry Siegel da Joe Shuster suka fito da shi a 1938 ba ya tashi sama, tsalle kawai yake yi ya haye dogayen gine-gine. Kryptonite, dutsen nan da ke karya masa lago, a wasan kwaikwayon rediyo ya fara bayyana a 1943, daga baya littattafai suka ɗauka. Batman na 1939 yana riƙe bindiga kuma yana kisa, abin da mai karatu na yau zai rantse cewa ba halinsa ba ne. Harley Quinn kuwa, budurwar Joker abokin gabar Batman, a katun ɗin talabijin aka ƙirƙire ta a 1992. Wato littattafan su kansu sun sha aro daga rediyo da talabijin da fim, kuma marubuta da yawa sun yi ta karɓar jarumi ɗaya hannu da hannu, kowa yana rushe wani abu yana gina wani. Yawancinmu idan muka ce a bi littafi, wanda muka karanta muna 'yan shekara goma sha biyar muke nufi.

Akwai kuma sauyin da ba makawa sai an yi shi. Tony Stark, wato Iron Man, na 1963 a yaƙin Vietnam ya ji rauni aka kama shi, fim ɗin 2008 ya mayar da abin Afganistan, domin in ba haka ba da jarumin ya zama dattijo mai sanda. Labarin Civil War na 2006 zuwa 2007 ya ginu ne a kan dokar da ta tilasta wa jarumai yin rajista da bayyana wa hukuma ko su wane ne, bayan wata fashewa a garin Stamford, kuma cike yake da jarumai irin su Fantastic Four waɗanda a lokacin haƙƙin yin fim ɗinsu yana hannun wani kamfani dabam. Da aka zo fim ɗin 2016, duniya ta riga ta san fuskokin yawancin jaruman, don haka sai aka mayar da rigimar kan wanda zai riƙa ba su umarni, kuma aka sa hatsarin da ya tayar da ƙurar ya faru a Legas. Kusan komai ya sauya, amma taurin kan Steve Rogers, wato Captain America, da nauyin laifin da ke cin Tony Stark suna nan daram, kuma su ne suka riƙe labarin.

A nan ne na tsaya, kuma misalin da ya fi zaunar mini da abin a kai na gida ne. Duk wanda ya taso yana sauraron tatsuniya ya san cewa yadda kakarsa ke ba da labarin Gizo ya bambanta da yadda kakar maƙwabcinsa ke bayarwa: wata ta ce kura ya yaudara, wata ta ce zaki, wata ta ƙara waƙa a tsakiya. Ba yaron da ke tashi ya ce an yi kuskure. Amma ranar da wata ta kawo Gizo mai gaskiya da riƙon amana, wanda ba ya kwaɗayi kuma ba ya cutar Ƙoƙi, yara da kansu za su ce wannan ba Gizo ba ne. Hali shi ne abin da nake bin darakta bashinsa. Tufafi da gari da jerin aukuwar abubuwa duk na yafe masa.

Fim ɗaya ya nuna mini ɓangarorin biyu a zama guda. A littafi Wolverine gajere ne, ƙafa 5 da inci 3, mai gashi da saurin fushi, sanye da rawaya. Hugh Jackman ya haura ƙafa 6, kuma a fim ɗin X-Men na 2000 baƙar rigar fata aka sa masa, rigar rawayar ba ta hau jikinsa ba sai a 2024. Duk da haka ban taɓa jin an cuce ni ba, saboda kaɗaicin mutumin da ƙin yarda da kowa da tausayin da yake ɓoyewa duk sun fito. To a 2009 muka taru a ɗakin wani abokina, mu shida a kan tabarma, janareta na ruri a waje, muka sa faifan X-Men Origins: Wolverine. Tun kafin a fara na cika su da labarin Deadpool, sojan hayar da bakinsa ba ya rufuwa, mai zolayar abokin gaba yana tsakiyar sara, har ya juyo ya yi wa mai karatu magana. Da aka zo faɗan ƙarshe sai ga wani halitta an ɗinke masa baki, takubba na fitowa daga hannuwansa, wuta na fita daga idanunsa. Ƙanen abokin nawa ya juyo ya ce, “Yaya, wannan ne mai surutun?” Ban sami abin cewa ba. Bayan shekara bakwai, a 2016, ɗan wasan nan dai, Ryan Reynolds, ya sake hawa matsayin da bakinsa a buɗe, kuma duk wanda ya kalla ya san bambancin.

Kada kuma a ɗauka cewa kwafe shafi yana wadatarwa. Watchmen na 2009 ya ɗauko hotunan littafin Alan Moore da Dave Gibbons kusan ɗaya bayan ɗaya, har kana iya buɗe littafin a cinyarka kana bi. Mutane sun fi yin surutu a kan ƙarshen da aka sauya, inda aka cire dodon da ya yi kisan kiyashi a ƙarshen littafin aka ɗora laifin a kan Doctor Manhattan, ɗaya daga cikin jaruman, amma ni ba wannan ne ya dame ni ba. Littafin yana nuna masu rufe fuska a matsayin mutane masu rauni da abin tausayi, wasunsu ma abin tsoro, fim ɗin kuwa ya ƙawata faɗansu da jinkirta hoto har suka koma abin sha'awa. Haka nan masu kare kisan da Superman ya yi wa abokin gabarsa Zod a Man of Steel na 2013 sukan kafa hujja da cewa ya taɓa yin haka a littafi a 1988, kuma gaskiya ne. Sai dai littattafan da suka shekara tamanin suna fitowa babu abin da ba za ka samu a cikinsu ba, don haka samun shafi ba ya wanke darakta.

Wani sauyin ma gyara ne. M'Baku a littafi laƙabinsa Man-Ape, baƙin mutum sanye da fatar goggon biri, kuma ba sai na faɗa wa ɗan Afirka abin da ke cikin wannan ba. Black Panther na 2018 ya jefar da laƙabin, ya mayar da shi shugaban ƙabilar Jabari mai girman kai da barkwanci da sanin ya kamata. Ban ga wanda ya yi kewar na littafin ba.

Dangane da Thanos ɗinka, a The Infinity Gauntlet na Jim Starlin, wanda ya fito a 1991, ya hallaka rabin halitta ne don ya burge Mutuwa, wadda aka siffanta ta a matsayin mace da yake so tana share shi. Fim ɗin Avengers: Infinity War na 2018 ya mayar da shi mai ganin cewa halitta ta yi wa arzikin duniya yawa. Na yarda da kai cewa dalilin fim ɗin yana da ɓaraka, domin mai irin wannan iko yana iya ninka abincin maimakon rage masu ci. Amma kawo Mutuwa a siffar mace cikin fim ɗin da ya riga ya cika da jarumai zai buƙaci bayanin da babu lokacinsa, kuma ina zaton da yawa daga masu kallo dariya za su yi. Abin da na duba shi ne ko Thanos ɗin yana nan: mai natsuwa, mai magana a hankali, mai ganin shi kaɗai ya fahimci abin da kowa ya kasa fahimta. Na same shi. A ƙarshen littafin ya koma wata gona shi kaɗai, ya rataye sulkensa a kan itace ya zama mutum-mutumin korar tsuntsaye, kuma idan ka sake kallon farkon Endgame na 2019 za ka ga sulken nan a tsaye a bakin gonarsa.