Kafin ka ci bashin ƙaro shanu, duba cikin maruƙanka

Wani ɗan kasuwa ya rubuto cewa yana da shanun madara 12, ƙaninsa ke kula da su, suna tatsa suna kai wa masu yogot. Bana an haifi maruƙa 9, zawo ya kashe 4, sauran sun tsumbure. Yana so ya ci bashi ya ƙaro shanu 10.

Alhaji, ajiye maganar bashi tukuna. Kuskurenka guda ne: kana sayar da nonon da ya kamata ya shiga cikin maraƙi, kana lissafa shi a riba.

Maraƙi yana zuwa duniya ba shi da garkuwar jiki, daga dakashi, wato nonon farko da uwa ke fitarwa bayan haihuwa, yake samunta. Mai kilo 30 yana buƙatar kamar lita 3 cikin awa 6 na farko. Bayan awa 24 hanjinsa ya daina tsotse wannan garkuwa, ko tulu ka ɗura masa. Wa ya tsaya ya ga sun sha? Ƙaninka ya rubuta? Na tabbata babu littafi.

Sai kuma wahalar da ake tara musu. A raba shi da uwa, a ɗaure shi a turke mai danshi, yau nono da ɗumi, gobe mai sanyi, jibi an tsinka da ruwa don a cika jarkar masu yogot. Kowane canji yana dagula ƙwayoyin halitta masu amfani a hanji, masu cuta su samu wuri. Za ka gan shi ido ya faɗa, gindi duk kashi, kunne a sake. Wanda ya tsira ma, girmansa ya ja baya, karsanar ta makara wajen ɗaukar ciki.

Ware wa kowane maraƙi nono lita 4 a rana, safe da yamma, da ɗumin jiki, a bokiti wankakke. Daga sati na farko a ajiye masa ruwa da ɗan abincin hatsi don tumbinsa ya ginu. Kada a yaye sai yana cinye kilo guda kullum, kuma a rage nonon a hankali cikin kwana 10. Satin yaye ba a ƙona ƙaho, ba a sauya garke. In zawo ya zo, ba shi ruwan gishiri da gulukos, ban da sukarin shayi domin hanjinsa ba ya narkar da shi. Kada a tsayar da nono, a kira likitan dabbobi.

Lita 4 sau kwana 60 na shayarwa, lita 240 ke nan ga kowane maraƙi. Buga kuɗinta, sannan ka shiga kara ka tambayi farashin karsana ɗaya.