Filin Tambayoyinku: Libarbar albarushi ta zamanin kaboyi, ta ina zan fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya aiki. Ni ɗan Zariya ne amma aiki ya kawo ni Texas a Amurka, toh akwai wani abokin aikina da ya kai ni filin harbi na ga wasu dattawa suna harba wata irin libarba ta da, wadda sai an ɗura mata albarushi da dalma ta gaba, in an harba hayaƙi ya turnuƙe wajen. Wallahi abin ya burge ni sosai don ya tuna min ƴan bindigar sarki ranar hawan sallah. An ce min wai a nan ko takarda ba a nema, ta gidan waya ma ake aiko maka. Gaskiya ne? Kuma wacce zan saya, me da me nake buƙata in fara? Daga wani makaranci a Houston.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, sannu da zaman baƙunta. Maganar takarda tukuna, don nan mutane suke faɗawa rami. Eh, dokar tarayyar Amurka ta 1968 ta ware bindigogin da aka ƙera a 1898 zuwa baya, da kwaikwayonsu waɗanda ba sa cin harsashin zamani, ta sa su a sahun kayan tarihi, shi yasa kantuna ke iya aikowa har gida. Amma wannan dokar tarayya ce kawai, kowace jiha da tata, New Jersey misali kamar kowace ƙaramar bindiga take ɗaukarta, kuma kai da kake baƙo a ƙasar mutane bai kamata ka yi aiki da "an ce min" ba. Ka tambayi lauya ko hukumar jiharka game da irin bizar da kake riƙe da ita kafin ka biya ko sisi. A Birtaniya ma, bayan kisan ƴan makaranta na garin Dunblane a Scotland a 1996 da aka haramta ƙananan bindigogi, an bar irin wannan ta ɗuri, amma sai da lasisin ƴan sanda, albarushin ma da tasa takardar daban.

Toh wacce zaka saya. Asalin abin Samuel Colt ne ya yi rajistarsa a 1836, kuma waɗanda suka fi shahara su ne Colt Navy ta 1851 mai awo .36, wato faɗin ramin bututunta a ma'aunin inci, da Colt Army ta 1860 mai .44, sai ta kamfanin Remington da ake kira 1858, ita ma galibi .44. Da su aka yi yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Waɗanda ka gani a hannun dattawan nan kusan duk sababbi ne, kamfanonin Uberti da Pietta ke ƙera su a yankin Brescia na Italiya. Ni dai in ka bi ta tawa Remington zaka fara da ita, mai jikin ƙarfe. Dalili, jikinta a haɗe yake akwai ƙarfe ta saman silinda, wato gangar nan mai ramuka da ke juyawa, saiti ya fi zama, cire silindar ba wahala, sannan ɓaraguzan hular da ta fashe, wato ƴar hular da ke kunna albarushi, ba su cika faɗawa cikin injin ba yadda suke yi wa Colt. Colt ta fi kyan gani kuma ta fi daɗin riƙo, wannan ba musu, amma ka san yawancinsu sama suke kai harbi a kusa saboda tun asali don nesa aka saita su. Akwai masu jikin tagulla masu ƙyalli da araha, su ne ke jan sabon shiga, tagullar nan bata jure albarushi mai yawa, a hankali sai jikin ya saki. Ita kuwa Colt Walker ta 1847 da ke kusan kilo 2, bar wa masu ƙarfin dantse tukuna.

Yanzu ga wadda nake so ka riƙe ko da ka manta sauran duka. Baƙin albarushi kaɗai ake zuba mata, ko waɗanda aka yi musamman su maye gurbinsa irin Pyrodex da Triple Seven. Albarushin zamani marar hayaƙi, wanda ke cikin harsashin yau, ko kaɗan kar ya shiga, ko da launinsa baƙi ne, domin ƙarfin da yake tasowa da shi ya ninka abin da silindar zata iya ɗauka, fashewa zata yi a hannunka. Ka karanta jikin gwangwani, kar ka karɓi gari a leda daga hannun kowa. Na libarba shi ne mai alamar FFFg, wato mai ɗan laushi. Kuma kar ka ce zaka haɗa naka a gida, saya ake yi.

Awo da ɗan mudu ake yi, ma'aunin sunansa giren. Mai .36 galibi tana cin giren 15 zuwa 20 da dalma mai faɗin .375, mai .44 kuma giren 20 zuwa 30 da dalma .454, amma littafin da ya zo cikin kwalin shi ne alƙali, ka fara daga ƙasa. Triple Seven ya fi zafi, ana rage masa kamar kashi 15 cikin 100. Dalmar ta zama tsantsa mai taushi.

Ga yadda ɗurin yake in ka tsaya kusa da mai yi. Zai fara share mai daga ramukan silinda, ya sa hula a ramukan da babu komai ya fasa, don ƙuna ta buɗe ƴan bututun da ke bayan kowane rami. Sai ya ja hama, wato ƙarfen da ke bugun hula, rabi yadda silinda zata riƙa juyawa da hannu, bakin bindiga na kallon sama, fuskarsa a gefe. Ya zuba albarushi daga gora zuwa mudu, ya rufe gorar, sannan daga mudu zuwa rami. Ba a zubawa kai tsaye daga gora, saboda in akwai ɗan tartsatsin da ya rage a ramin, gorar gaba ɗaya ce zata tashi a tafin hannunka. Sai ya ɗora ƙwallon dalma a bakin ramin, ya juyo shi ƙarƙashin sandar dannawa da ke manne a ƙasan bututun bindigar, ya danna. Nan zaka ga wani siririn zobe na dalma ya yanke ya faɗo, wannan zoben shi ne shaidar ƙwallon ya toshe ramin tsaf, in baka ganshi ba dalmarka ta yi ƙanƙanta, canza ta. Kuma sai ƙwallon ya zauna daram a kan albarushin, ba a barin iska a tsakani. Wasu suna sa ɗan faifan ulu mai maiƙo tsakanin albarushi da dalma, wasu kuma su shafe bakin ramin da maiƙo bayan sun danna. Maiƙon nan in zaka haɗa da kanka kitsen rago da kakin zuma ya wadatar, da shi mutanen zamanin da suka yi amfani, na faɗa ne don wasu a can man alade suke sawa, sai ka tambaya kafin ka sa yatsa a gwangwanin wani.

Hula ita ce ta ƙarshe, kuma sai kana tsaye a layin harbi bakin bindiga na kallon abin da zaka harba. Ƴar mitsitsiyar hula ce ta jan ƙarfe, lamba 10 ko 11, sai ka gwada wadda ta kama ƴan bututun bayan silindarka gam. Wadda ta yi sako-sako, ko dalmar da bata toshe ba, su ke jawo abin da masu harkar suka fi tsoro, wato wuta ta tsallaka ramukan maƙwabta biyu ko uku su tashi lokaci guda. Shi yasa ba a taɓa sa hannun hagu a gaban silinda, ko a gefenta ma, don wuta da ɓarɓashin dalma na fita ta tsakanin silinda da bututu. Tabarau da abin toshe kunne dole ne. In ka ja kunama hula ta yi ƙas amma bata tashi ba, kar ka juyo ta ka leƙa, ka ci gaba da nuna ta gaba har minti ɗaya, don wani lokaci wutar na cin albarushin a hankali sai ta tashi daga baya. Ramuka shida gare ta, amma da yawa biyar suke ɗurawa su kwantar da hama a kan wanda babu komai. Sigari kuwa ba a ma maganarsa a wajen.

Sai wanki, wanda shi ke korar rabin masu sha'awar. Tokar baƙin albarushi tana jan laima, in ka kwana biyu baka wanke ba tsatsa ta kama, Pyrodex ma haka ko ya fi. Ranar da ka yi harbi ranar zaka wanke, ka kwance silinda da bututu, ka cire ƴan bututun hula, ruwan zafi da sabulun wanke-wanke, ka goge har tsumma ya fito fari, ka busar sosai sannan ka shafa mai. Warin kamar ruɓaɓɓen ƙwai saboda farar wutar da ke ciki, don haka kar ka yi a kicin ɗin madam in kana son zaman lafiya. Man inji na fetur in ya haɗu da tokar yana zama kwalta mai tauri, shi yasa ake share shi kafin ɗuri. Ka wanke hannu kafin cin abinci saboda dalma guba ce, kuma albarushi da hula a ajiye su daban, a kulle, nesa da yara.

Duk wannan da na rubuta bai kai ka tsaya kusa da dattawan nan sau biyu sau uku ba. Koma ka gaishe su ka ce kana son koyo, masu wannan harka suna son a tambaye su, wataƙila ma su ba ka ka harba tasu kafin ka kashe kuɗinka. Akwai kuma ƙungiyarsu ta ƙasa, NMLRA, da aka kafa a 1933, hedikwatarta na garin Friendship a jihar Indiana, tana da rassa kuma tana koyarwa.

TAMBAYA: Malam yayana yana Amurka, na ce ya taho min da irin libarbar kaboyi ta ɗuri in rataye a falo don ado, tunda naga maharban garinmu suna da bindigar toka kuma ba wanda ya kama su. Akwai matsala? Daga wani makaranci a Gusau.

AMSA: Akwai babba ma kuwa, ka kira yayan naka yau ka ce ya fasa. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 kashi uku ta yi wa bindigogi. Doguwar bindigar toka ta maharba tana kashi na uku, wanda kwamishinan ƴan sanda na jiha ke da hurumin ba da lasisinsa. Amma libarba da duk wata ƙaramar bindiga suna kashi na farko, na haramtattu, wanda sai da izinin shugaban ƙasa, kuma dokar ta ambaci har ƙananan masu ƙyastu da masu hula da sunansu, don haka cewa ta ɗuri ce ko ta ado ce ba zai fisshe ka ba. Hukuncin mallakarta ba izini ɗaurin shekara 10 ne zuwa sama, shi kuma yayan naka tun a filin jirgi kwastan zasu tare shi. A halin da ake ciki a Zamfara yanzu ba na jin akwai jami'in da zai tsaya sauraron labarin kaboyi. In ado kake so ka sa a buga maka babban hotonta, ko ka nemi takobin gargajiya mai kube na fata wajen maƙera.