Ba na cin abinci da yawa, amma ƙiba ta ƙi raguwa: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekaruna 36, 'ya'yana huɗu, autan yana da shekara uku. Tsayina mita 1.60, nauyina kilo 88, kuma tun haihuwata ta uku yake hawa. Gwiwoyina suna ciwo, musamman in zan tashi daga sujada, in na hau bene kuwa sai haki. Wallahi ba ni da ci. Da safe shayi kawai nake sha, sai bayan azahar nake cin abinci, sai kuma tuwon dare. Na sha shayin rage teɓa kala biyu, kilo uku ya sauka ya sake dawowa. Abin da nake gani a intanet su Quaker Oats ne da tuffa da man zaitun, ga tsada, ga shi tukunya ɗaya muke ɗorawa da maigida da yara. Yaya zan yi? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Mu fara da awo. Ana ninka tsayi sau kansa, sannan a raba nauyi da abin da aka samu: 1.60 sau 1.60 ya ba da 2.56, in aka raba 88 da shi a sami 34.4. Wannan lissafin shi likitoci ke kira BMI. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, 18.5 zuwa 24.9 shi ne daidai, 25 zuwa 29.9 nauyi ya ɗara kima, daga 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce da ke buƙatar a kula da ita kamar kowace cuta. Ki kuma ari tef ɗin tela. Ki tsaya, ki fitar da numfashi, ki zagaya tef ɗin a cikinki tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, ba tare da kin matse ba. Mace in ta haura santimita 80 haɗari ya soma, in ta haura 88 ya yi yawa. Ga namiji 94 ne da 102. Kitsen ciki ya fi na cinya da na mazaunai illa, domin shi ne ke tafiya da ciwon suga da hawan jini da kitsen hanta.

Kada ki sa wa ranki komawa kilo 64, inda lissafinki zai zama 25. Ki nufi kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinki a wata shida, wato kilo 4 da rabi zuwa 9. Wannan kaɗai yana sauke suga da hawan jini, kuma gwiwa ce za ta fara yi miki godiya, don duk kilo ɗaya da ya sauka yana rage mata nauyin wajen kilo huɗu a kowane taku.

Maganar cewa ba ki da ci, ba mu ƙaryata ki ba. Sai dai ido yana auna girman abinci ne, jiki kuma ƙarfin da ke cikinsa yake lissafawa, wanda ake aunawa da kalori. Giram ɗaya na sitaci ko suga yana da kalori 4, na mai yana da 9. Cokalin cin abinci ɗaya na mai ya kai kalori 120. Ki duba yadda ake zuba wa garau-garau ko ɗanwake ko taliya mai da yaji: a karkata kwalba, a zagaya faranti, sai abincin ya yi sheƙi. Cokali uku ya tafi ke nan, kalori 360, kusan daidai da shinkafar da ke cikin farantin. Kin ci faranti ɗaya a ido, biyu a jiki, kuma cikin bai san an ƙara masa komai ba. Haka miyar da mai ke iyo a samanta, da ƙosai da fanke da soyayyar doya da awara, waɗanda ke tsotse mai a kasko.

Man zaitun ba zai fitar da ke ba. Yana da kyau ga zuciya, amma kalorinsa ɗaya da na man gyaɗa da manja. Ki bar kuɗinki a aljihu, ki sayi cokali. Ki daina zuba mai daga kwalba kai tsaye. Ki auna, cokali ɗaya ga kowane babba a tukunyar miya, yara biyu a cokali ɗaya. Ki rage a hankali cikin mako uku, ki ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa da kifi busasshe. In aka yi haka da wuya maigida ya lura.

Na biyu shi ne abin sha, kuma a nan masu cewa ba sa ci suka fi faɗawa. Shayin da kike kira "kawai", mene ne a ciki? In akwai suga cokali uku da madarar gwangwani da Milo, to kin karya, sai dai karin da ba ya riƙe ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugar da ake ƙarawa kada ta wuce giram 50 a yini ga babba, wajen ƙaramin cokali 12, in an tsaya a 25 ya fi. Robar lemon kwalba ta 50cl ita kaɗai tana ɗauke da wajen giram 50. Maltina da 'yan'uwanta ba su kuɓuta ba, ko da ana yi musu kallon abin ƙarin jini. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi da fura da nono na sayarwa, duk da suga ake jawo ciniki. Zuma da mazarƙwaila suga ne a wajen jiki. Abin da ya sa na ruwa ya fi ɓarna shi ne ba ya ƙosarwa: wanda ya sha lemo da abinci ba ya rage loma ko ɗaya saboda shi. Ki haɗa zoɓonki a gida da citta da kanumfari da ɓawon abarba, ki rage sugar shayi rabin cokali kowane mako. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har ki zo ki ji na da ya yi miki zaƙi.

Sai abin da ba a lissafa shi a abinci: ɗanɗanon miya sau huɗu, ƙanzon tukunya, ragowar indomin yara da ake cinyewa don kada a yi almubazzaranci, cincin da gyaɗa a gaban talabijin. Tafin hannu ɗaya na gyaɗa, giram 30, ya kai kalori 170. Ki ɗauki kwana uku kina rubuta duk abin da ya shiga bakinki a lokacin da ya shiga, har da ranar biki ko suna. Ragowar yara kuma a rufe ta zama ɗumame, ko a rage abin da ake zuba musu.

Yanzu tuwo. Ba sai kin bar shi ba, ba kuma sai kin ɗora tukunya ta biyu ba. Abin da zai canza shi ne rabon faranti. A al'ada tuwo ne sarki, miya 'yar rakiya; ke ki juya. Rabin farantinki ganye, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko ƙwai ko nama marar kitse, sauran kashi ɗayan tuwo ko shinkafa, malmala ɗaya gwargwadon dunƙulen hannunki. Ki zuba naki daban, don wanda ke ci a tire ɗaya da jama'a ba ya sanin abin da ya ci. Ki fara da ganyen, tuwon ya zo ƙarshe.

Ganyen nan kuwa a bakin ƙofa yake: zogale, rama, alayyahu, yakuwa, tafasa, kabeji, lawashi, gurji, yalo, kuɓewa ɗanya, kabewa. Ana son giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini, kuma gwaiba da gwanda da lemon zaƙi da kankana sun wadatar, babu abin da tuffa ta fi su da shi. Lemon a ci shi da tsokarsa, kada a matse. Kwaɗon zogale abinci ne mai kyau, sai dai ƙuli-ƙuli cokali biyu ya isa, kuma ba ya buƙatar ƙarin mai. Dambun zogale, a rinjayar da ganyen a kan tsakin. Faten wake da alayyahu, alale maimakon ƙosai, awara dafaffiya a miya maimakon soyayya. Wake ya fi komai riƙe ciki a kuɗi kaɗan. Tuwon dawa da na gero da na alkama da ba a surfe su sosai ba sun fi tuwon shinkafa da Semovita, don dusar ce ke jinkirta hawan suga a jini. Amma kada a ruɗe ki: malmala uku ta acca ko alkama ƙiba za ta sa, kamar kowane tuwo.

Rashin karin safe ba laifi ba ne a kan kansa, amma a tsarinki shi ke sa ki iso azahar da yunwa mai ƙarfi, sannan nauyin cin ya koma dare. Ki gwada ƙwai biyu dafaffu da gurji, ko alale ɗaya da ƙaramin kofin koko marar suga. Tuwon dare a ci shi tsakanin magariba da isha'i. Azumin Litinin da Alhamis yana taimakawa in buɗa-bakin bai zama ramuwa da kunu da ƙosai da soyayyen dankali ba. Barcin da bai kai awa bakwai ba shi ma yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi.

Shayin rage teɓa, kallon kitse kika yi wa rogo. Yawancinsu ganyen filasko ne mai sa gudawa, ko abin da ke sa yawan fitsari. Kilo ukun nan ruwa ne da bahaya, shi ya sa suka dawo. In aka daɗe ana sha yana rage gishirin jiki, hanji kuma ya saba har ya kasa aiki sai da shi. Ruwan ɗumi da lemon tsami da ɗamarar matse ciki ba sa narka kitse. Akwai allurai na gaske irin su Ozempic da Wegovy, amma likita ne ke rubuta su, suna da tsada, kuma nauyin yakan dawo in an daina.

Motsa jiki: minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar, tafiya mai ɗan sauri wadda za ki iya magana a cikinta amma ba za ki iya rera waƙa ba. Da ciwon gwiwa, ki fara da minti 10 bayan kowane abinci, ko a tsakar gida ne, da takalmi mai laushi; ki bar tsalle da igiya tukuna. Ki sani tafiyar minti 30 ba ta ƙona abin da robar lemo ɗaya ta zuba. Amfaninta yana ga zuciya da suga da hana nauyi dawowa.

Saurin da ake so rabin kilo ne zuwa kilo ɗaya a mako. Ki hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe, kafin ki ci komai. Bayan wata uku ko huɗu zai iya tsayawa cak, domin jikin da ya ragu yana ƙona ƙasa da da, yunwa kuma tana ƙaruwa. A nan ake komawa ga takardar kwana uku, a duba ko mai da suga sun lallaɓo sun dawo.

Kafin ki fara, ki je asibiti a auna miki hawan jini da sugar safe kafin karyawa: 140/90 ko sama da haka, ko suga 7.0 a wani ma'aunin, 126 a wani, suna buƙatar a maimaita awon a kuma ga likita. Ki faɗa masa duk maganin da kike sha. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku tana ƙara wa wasu mata nauyi, haka dexamethasone da prednisolone da ake saye a kemis don ciwon gaɓoɓi ko a cusa a haɗin sha-ka-fashe, masu kumbura fuska da ciki. In akwai kasala da jin sanyi da bushewar fata, a duba tayirod, wato 'yar halittar da ke gaban wuya wadda ke tsara saurin da jiki ke ƙona abinci. In al'ada tana tsallake watanni ga gashi a haɓa, a duba PCOS, wato rikicewar sinadaran jikin mace da ke hana ƙwanta fita a kan lokaci. Mai juna biyu ba ta shiga rage ƙiba, mai ciwon suga da ke kan allurar insulin ko ƙwayar glibenclamide kuma kada ta rage abinci sai an daidaita mata magani, don suga na iya faɗuwa har ta suma.