Rigunan ulun merino: a sa wa jariri ko kada a sa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina Zariya, watana biyu da haihuwa. Yayata da ke Ingila ta aiko wa yaron rigunan barci na ulu, an rubuta merino a wuyansu. Surukata ta ce kada in sa masa, wai ulu na kawo ƙaiƙayi da ƙuraje. Ga hunturu ya kunno kai. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, maijego. Barka da arziki, Allah ya raya mana shi.

Ki sa masa. Amma Hajiya tana da hujjarta, domin ulun da ta sani daban ne. Tumakinmu, Balami da Uda da 'Yankasa, gashi gare su, ba a samun ulun saƙa a jikinsu. Zaren da ake sayarwa a kasuwa ana saƙa wa jarirai hula da safa, yawancinsa na roba ne, sunan ulu kawai ya ci. Shi ne ke riƙe gumi a jikin yaro har ƙurajen zafi su feso. Ulun gaske mai kaushi kuma yakan soki fata.

Merino wasu tumaki ne da asalinsu Sifen, aka kai su Ostireliya a 1797, yanzu kuma ita ce kan gaba a duniya wajen samar da wannan ulu. Bambancinsa a sirantaka yake. Ana auna kaurin silin da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Silin da ya haura maikiron 30 shi ke tsaye ya soki fata. Na merino da ake yi wa jarirai kaya ya fi haka sirantaka nesa ba kusa ba, don haka lanƙwashewa yake yi idan ya taɓa jiki. A 2017 an wallafa wani bincike da aka yi a birnin Melbon na Ostireliya kan ƙananan yara masu ciwon fatar nan mai bushewa da ƙaiƙayi, ekzima, aka ga ciwon ya yi sauƙi a makonnin da suka sa merino mai laushi. Yaran ba su da yawa, kuma masu harkar ulu ne suka ba da kuɗin aikin, saboda haka ban ɗauke shi magani ba. Ya dai nuna ba dole ne ya cutar da fata ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake shan gumi. Yana iya tsotse danshi kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa ba tare da an ji shi a jiƙe ba, sai yaro ya kwana a bushe, sanyin asuba bai same shi da jiƙaƙƙiyar riga ba. Ba ya saurin kama wuta, ba ya kuma narkewa ya manne wa fata kamar na roba. A ɗakin da ake shiga da kaskon garwashi wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake kaskon ma ban yarda ya kwana a rufaffen ɗaki ba. Iskar gawayi na kisa.

Inda nake jin tsoro shi ne jibga kaya. Mun saba riga uku, hula, shawul, ga bargo, ga taga a rufe. Zafi fiye da kima na cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin mutuwar jariri farat ɗaya cikin barci. Merino ɗaya a kan 'yar shimi ta auduga ta isa a yawancin dararen Zariya. Ki kwantar da shi rigingine, ba hula, fuska a buɗe. Kada ki auna ɗuminsa da tafin hannu ko ƙafa, kullum da ɗan sanyi suke. Ki taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa. In kin ji gumi, ki rage kaya.

Ki wanke su kafin sawar farko, ki duba wuyansa da hammatarsa washegari. In sun yi ja, ki koma auduga, ki kawo shi a gani. Wanki kuwa da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, ba cuɗa, ba murɗawa, ba bilic. Ruwan zafi da dirza su ke sa rigar ta tsuke ta yi tauri. A shimfiɗa ta a inuwa ta bushe. Da bazara ta shigo a Maris, ki wanke su ki adana a jaka mai rufi saboda asu, auduga mara nauyi ta karɓi aiki.