Likita, Ban Taɓa Shan Giya Ba, Daga Ina Kitsen Hanta Ya Fito?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. An yi mini sikanin, aka ce akwai kitse a hantata, ni kuwa ban taɓa shan giya ba. Tun ranar na daina cin nama da ƙwai, sai tuwo da shinkafa da shayi da burodi. Ko na yi daidai? Mai karatu daga Gusau, shekara 46.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, ka kori maigadi ka bar ɓarawo a ɗaka.

Tuwo da shinkafa da burodi duk sitaci ne. Hanji yana narka su su koma sukari, jini kuma ya fara bi da shi ta hanta kafin ya isa sauran jiki. Hanta kan ajiye kimanin giram 100 na wannan sukari a matsayin gilaikojin, ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan in ciki ya zama wayam. Da wannan ajiyar mai azumi yake kaiwa magariba bai faɗi ba. To amma in ajiya ta cika, ga wani sukarin na ta shigowa, sai hanta ta mayar da rarar kitse. Wani ta tura shi cikin jini, wani ya maƙale a jikinta. Da zarar ya haura kashi 5 cikin 100 na nauyinta, ana kiransa kitsen hanta, shi ne kuma abin da mai sikanin ya gani.

Inda na fi tuhuma shi ne shayin nan. Rabin sukarin da ake zubawa a shayi wani nau'in sukari ne mai suna furuktos, hanta ce kuwa ke ɗaukar mafi yawan wahalarsa, kuma nan da nan take mayar da shi kitse. Haka lemon kwalba, haka zoɓon da aka dankara wa sukari. Mai shayi zai zuba cokali huɗu, ya ƙara madarar gwangwani, mutum ya sha safe da dare, sannan ya ce shi ba ya cin maiƙo. Tumbi ma na da hannu, domin kitsen ciki yana kwarara kai tsaye zuwa hanta.

Nama da ƙwai da kifi da wake kuwa, hanta na bukatarsu. Da furotin ɗin da ke cikinsu take haɗa albumin mai riƙe ruwa cikin jijiya, da sinadaran da ke daskarar da jini in an ji rauni. Ita ce kuma ke mayar da amoniya, dafin da ke fitowa daga furotin, ya zama yuriya, ƙoda ta fitar da shi ta fitsari. Saboda haka ka dawo da su daidai gwargwado, ka dai rage soye-soye.

Rage nauyi da kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na janye kitsen sosai; mai kilo 90 ya sauke kamar 6 zuwa 9, a hankali cikin watanni. Ka rage malmalar tuwo, ka ƙara ganye, ka yi tafiyar ƙafa ta minti 30 kwana biyar a mako. Kada ka sayi jiƙon nan da ake tallarsa da sunan wankin hanta, wasu ƙara mata rauni suke yi. Ka kuma nemi a gwada maka sukarin jini da ciwon hanta nau'in B da C, don sikanin ba ya nuna su.